Ƙarfe Nawa, In Ji Wa? Tarihin Agogon da Intanet Ke Dogara da Shi

A wani shagon buga takardu da ke gefen titin Daura, cikin garin Kazaure, na taɓa share kusan awa biyu tare da ɗan yayata, muna fama mu kammala masa rajistar jarrabawa a ranar da za a rufe. Janareto na ta ruri, data akwai, amma duk shafin da aka buɗe sai kwamfuta ta ce ba ta amince da shi ba. Mai shago ya canja layi, ya kashe ya kunna, ya ɗora wa sabis laifi. Yaron, wanda ya baro Karkarna tun da sassafe da kuɗin rajistarsa a aljihu, ya fara haɗa gumi. Can sai wani ɗalibi da ke jiran layi ya leƙa ƙasan allon ya ce, "Malam, ai kwamfutarka tana 2009." Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke riƙe mata agogo idan an ɗauke wuta, shi ne ya mutu. Aka gyara kwanan wata da hannu, nan take shafi ya buɗe.

Dalilin abin da ya faru ba boyayye ba ne. Kowane shafin intanet mai tsaro yana gabatar da takardar shaida mai ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Kwamfutar da ta yi imani cewa ana 2009 za ta ɗauki takardar bana a matsayin wadda ba a haifa ba tukuna. Haka WhatsApp ke ƙin buɗewa idan kwanan watan waya ya karkace. Haka lambar sirrin da manhajar tabbatar da mai asusu ke fitarwa take: daga agogo ake ƙirga ta, galibi duk bayan daƙiƙa 30 ta canja, kuma idan agogonka da na banki suka yi hannun riga, lambarka ta zama shara. Mai POS a kasuwar ƙauye da abokin cinikinsa, idan gardama ta tashi kan ko kuɗi sun shiga, abin da ke raba su shi ne awa da minti da daƙiƙar da na'urori suka rubuta.

Ɗalibin nan da ya gyara agogon, wayarsa ya duba. Ita wayar daga hasumiyar kamfanin sadarwa ta ji. Hasumiyar fa, daga wa ta ji? Wanda ya bi wannan salsala zai ratsa ta cikin wata manhaja da aka fara rubutawa shekaru arba'in da suka wuce, wadda kowa ke amfani da ita kyauta, kuma mutanen da suka riƙe ta a mafi yawan tarihinta ba su cika motar haya guda ba. Tarihinta shi ne tarihin tambayar da ke saman wannan rubutu: idan an ce maka ƙarfe kaza, in ji wa, kuma me ya sa za ka yarda?

Kafin a fara buga ƙarfe

Kakanninmu a ƙasar Kazaure, daga Roni zuwa Gwiwa da Yankwashi, ba su rasa sanin lokaci ba. Suna da asuba da hantsi da walaha, da azahar da la'asar da almuru da lisha. Ladan kan auna inuwarsa da taku, manomi kan dubi fitowar Gamzaki, matafiyi kan dubi Kaza da 'ya'yanta. Amma wannan lokaci na gari ne, kowane gari da nasa, domin rana ba ta tsayawa tsaka a ko'ina lokaci guda. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai tazarar kusan minti 30, abin da duk mai azumi ya sani: na gabas ya riga na yamma shan ruwa. Muddin tafiya a kan jaki take, wannan bambanci bai dami kowa ba.

Kalmomin da muke amfani da su yau suna ɗauke da tarihin sauyin da ya biyo baya. Agogo kalmar Yarbanci ce mai nufin ƙararrawa. Ƙarfe kuwa ƙarfen ne na gaske, wanda ake bugawa a bariki da ma'aikata don a sanar da awa: bugu biyu, ƙarfe biyu. Wayar tangaraho da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, su suka tilasta wa garuruwa masu nisa su bi agogo guda, domin jirage biyu a kan layin dogo ɗaya ba za su bi inuwar gari biyu ba. Legas ta fara bin agogon Greenwich a 1905. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka sa ƙasar gaban Greenwich da rabin awa, sannan ranar 1 ga Satumba, 1919, aka mayar da shi awa guda cur, inda yake har yau.

Wannan agogo an ɗora shi a kan layin da ke digiri 15 gabas da Greenwich, wanda ya ratsa ta ƙasar Chadi. Kazaure kuwa tana kan digiri takwas da 'yan kai. Shi ya sa idan agogo ya buga sha biyu a Karkarna, rana ba ta tsaya ba tukuna. Sai wajen 12:10 a farkon Nuwamba, ko wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Tun daga 1919, ke nan, lokacin hukuma ya daina zama abin da mutum zai fita tsakar gida ya gani da idonsa. Ya zama labari da ake kawowa daga nesa. Iyayenmu sun saita agogunansu da rediyo, musamman bayan Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, suna jin ana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Da wayar salula ta shigo a 2001, sai saita agogon ma ya fita daga hannunmu.

A can ƙolin salsalar ma an samu sauyi. A 1967 masana ma'aunai na duniya suka daina ƙirga daƙiƙa daga juyawar ƙasa, suka ce daƙiƙa ita ce kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ƙwayar zarrar sinadarin siziyam ke fitarwa. Wani ofishi da ke Sèvres, kusa da Paris, shi ke tattara rahoton ɗaruruwan agogunan zarra daga ɗakunan gwaji na ƙasashe da dama, ya fitar da lokacin duniya da ake kira UTC. Ita kuwa kwamfutar ofis, ɗan dutse ne a cikinta mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, wanda zafi da sanyi ke sa shi sauri ko nawa. Yana iya kauce wa gaskiya da daƙiƙa ɗaya ko biyu a kowace rana. A wata guda an doshi minti. Tsakanin agogon zarra da wannan ɗan dutse, dole a samu ɗan aike.

Malamin Delaware

Wanda ya ƙera ɗan aiken shi ne David Mills, Ba'amurke da aka haifa a 1938 da cutar hawan jinin ido, wadda ta bar shi da raunin gani tun yana yaro, ta kuma makantar da shi gaba ɗaya a ƙarshen rayuwarsa. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Michigan. A 1977 ya kama aiki a kamfanin taurarin ɗan'adam na COMSAT, inda ya shiga cikin 'yan tsirarun da ke gwajin haɗa kwamfutocin Amurka da na Turai. A nan ya ci karo da matsala: ba za ka iya auna tsawon lokacin da saƙo ya ɗauka daga Amurka zuwa Landan ba idan agogunan ɓangarorin biyu ba su yi daidai ba. Ya fara gwada maganinsa tun 1979, kuma a watan Satumba na 1985 ya wallafa ƙa'idar da aka sani da NTP, wato ƙa'idar daidaita lokaci ta hanyar sadarwa. A shekara ta gaba ya koma koyarwa a Jami'ar Delaware, inda shi da ɗalibansa da 'yan sa kai suka ci gaba da gyara ta: bugu na ɗaya a 1988, na biyu a 1989, na uku a 1992, na huɗu a 2010. Tana cikin tsofaffin ƙa'idojin intanet da har yau ba su yi ritaya ba.

Dabarar tana da sauƙin fahimta. A ce mutumin Karkarna ya aiki yaro a kan babur zuwa Kazaure ya tambayo masa lokaci. Yaro ya tashi ƙarfe 10:00 a agogon gida. Ya isa, agogon Kazaure ya nuna 10:35. Ya yi minti biyar ana gaisawa, ya juyo 10:40 a agogon can. Ya iso gida, agogon gida ya nuna 11:05. Tafiyar gaba ɗaya minti 65 ce. A cire biyar na gaisuwa, saura 60. A raba biyu, zuwa 30, dawowa 30. Ke nan sa'ad da yaro ya isa Kazaure agogon gida yana 10:30, na can yana 10:35. Agogon gida ya makara da minti biyar. Lambobi huɗu kacal, kuma su ne kwamfutarka ke musaya da babbar kwamfutar da take tambaya, wadda masana ke kira uwar garke. Ta haka ake samun daidaito na 'yan sassa cikin dubu na daƙiƙa, ko da teku na tsakani.

Sai dai majiya guda tana iya yin kuskure, kuma a nan ne aikin Mills ya yi kama da wani abu da muka daɗe da sani. Idan aka ce an ga wata, ba a karɓar maganar mutum ɗaya haka kawai. Labari kan bi ta hannun dagatai da hakimai da sarakuna har ya kai fadar Sarkin Musulmi, ana tambayar wa ya gani, a ina, da wane lokaci, kuma ko maganar shaidu ta zo ɗaya. NTP ma matakai ta jera. Agogon zarra, ko na'urar da ke karɓar lokaci daga taurarin GPS, shi ne tushe. Kwamfutar da ke haɗe da shi kai tsaye ita ce ganau, mataki na ɗaya. Wadda ta ji daga gare ta mataki na biyu, haka har zuwa na 15. Kowace amsa tana faɗin matakinta. Sannan kwamfuta mai hankali takan tambayi majiya uku ko huɗu, ta dubi inda maganarsu ta haɗu, ta watsar da wadda ta fita daban. Mills ya gina wannan tacewa a kan lissafin da Keith Marzullo ya fitar a 1984.

Ko bayan ta gano kuskurenta, manhajar ba ta cika fizgar agogo ba. Idan tazarar kaɗan ce, takan ɗan rage masa gudu ko ta ƙara, a hankali, domin mayar da agogo baya farat ɗaya yana iya sa littafin banki ya nuna an cire kuɗi kafin a zuba su. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kuwa tazarar ta haura daƙiƙa 1,000, sai ta tsaya cak ta jira ɗan'adam ya zo ya duba, a kan cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amanar da ba ta da hatimi

Mills bai sayar da manhajarsa ba. Ya buɗe rubutunta ga kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa. Wannan ne ya sa ta shiga ko'ina: bankuna, kamfanonin waya, filayen jiragen sama, na'urorin asibiti. Jami'o'i da hukumomi suka buɗe uwayen garkensu kyauta. A 2003 Adrian von Bidder ya kafa wata gayya da ake kira NTP Pool, inda duk mai kwamfuta mai kyakkyawan agogo zai ba da ita sadaka. Tun 2005 Ask Bjørn Hansen ke kula da ita, kuma a yau tana da uwayen garke fiye da dubu huɗu.

Kayan gayya kuwa ba ya rasa mai wawaso. A 2003 Jami'ar Wisconsin ta wayi gari ambaliyar tambayoyi ta rufe ta, saboda kamfanin Netgear ya dasa adireshinta a cikin dubban ɗaruruwan na'urorin rarraba intanet da ya sayar, kuma wasunsu na tambaya duk daƙiƙa. A 2006 wani injiniya ɗan Denmak, Poul-Henning Kamp, ya yi irin wannan kuka da kamfanin D-Link. Ganau ma yakan yi tuntuɓe: a watan Nuwamba na 2012 uwar garken cibiyar nazarin taurari ta sojojin ruwan Amurka ta sanar da cewa ana shekarar 2000, kuma kwamfutocin da suka dogara da ita ita kaɗai suka bi ta, suka koma baya shekara 12.

Waɗannan duk kurakurai ne. Babban raunin yana wani wuri. An ƙera NTP a zamanin da masu intanet 'yan tsiraru ne da suka san juna, saboda haka amsar da uwar garke ke aikowa kamar wasiƙa ce a buɗe, ba hatimi, ba sa hannu. Duk wanda ya tare ɗan aike a hanya yana iya canja abin da ke ciki. An yi ƙoƙarin toshe wannan: an tanadi hanyar raba mabuɗin sirri da hannu, wadda ba ta yiwuwa ga miliyoyin baƙi, an kuma ƙera wani tsari mai suna Autokey, wanda masana suka gano cewa ana iya fasa shi. Mafi yawan duniya ta ci gaba da karɓar lokaci a kan yarda kawai.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙarshen 2013 masu kutse suka farga da wani tsohon umarni a cikin manhajar, wanda idan aka aika shi uwar garke za ta lissafo adireshin kwamfutoci 600 na ƙarshe da suka tuntuɓe ta. Tambaya 'yar ƙarama, amsa mai ninkinta sau ɗari biyu ko fiye. Sai su aika tambayar da adireshin wanda suke son kassarawa, dubban uwayen garke su yi masa ruwan amsoshin da bai nema ba. A Fabrairun 2014 kamfanin Cloudflare ya ba da rahoton irin wannan hari da ya doshi gigabit 400 a daƙiƙa, wanda ba a taɓa ganin kamarsa ba a lokacin. A Disambar wannan shekara masu binciken Google suka gano ɓarakar da za ta ba ɗan kutse damar ƙwace kwamfutar gaba ɗaya. A 2015 kuma Aanchal Malhotra da Sharon Goldberg da abokan aikinsu a Jami'ar Boston suka nuna yadda za a karkatar da agogon kansa. Amfanin hakan ga ɓarawo a fili yake: mayar da agogo baya, takardar shaidar da ta ƙare ko aka soke ta dawo da rai, tura shi gaba, duk takardun gaskiya su mutu.

Wani abu a cikin binciken na Boston ya shafe mu fiye da yadda ya shafi Turawa. Shingen daƙiƙa 1,000 ɗin nan, a yawancin tsare-tsare, akan ɗage shi a karon farko bayan an kunna kwamfuta, don ta samu ta gyara kanta. Kwamfutar da ke shekara ba a kashe ta ba, sau ɗaya ƙofar ke buɗewa. Wadda ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ta farfaɗo idan an tada janareto, kullum ƙofarta a buɗe take.

Gida ya rabu uku

Da hankalin duniya ya dawo kan manhajar, abin da aka tarar ya ba da kunya. Mills ya yi ritaya a 2008, idonsa na ƙara rauni. Nauyin ya koma kan Harlan Stenn, wanda ya kafa gidauniyar Network Time Foundation a 2011, yana aiki daga gidansa a jihar Oregon, kusan shi kaɗai, da kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Kamfanonin da ke juya biliyoyin daloli a kan agogon da yake gyarawa, ƙalilan ne suka taɓa aiko da sisi. Sai bayan badaƙalar Heartbleed ta Afrilun 2014, wadda ta fallasa irin wannan sakaci a wata manhajar tsaro, Gidauniyar Linux ta tara kuɗi daga manyan kamfanoni don tallafa wa irin waɗannan ayyuka.

Kuɗin bai kawo haɗin kai ba. Wasu masana suka ga cewa tsohuwar manhajar ta tara kaya da yawa: umarnin na'urorin da aka daina ƙerawa tun tuni, da hanyoyin da ba mai bi. A 2015 suka kwafi rubutun, kamar yadda lasisinsa ya ba kowa dama, suka buɗe nasu reshe mai suna NTPsec, Eric Raymond na jagorantar aikin fasaha. Babban aikinsu sharewa ne. Daga layuka fiye da 200,000 suka zubar da fiye da kashi biyu cikin uku, a kan hujjar cewa ɗakin da aka rushe ɓarawo ba ya ɓuya a cikinsa. Bugunsu na farko cikakke ya fito a 2017. Stenn da mutanensa ba su ji daɗin rabuwar ba, kuma sun ci gaba da nasu aikin har yau.

A gefe guda akwai ta uku, chrony, wadda ba ta fito daga zuriyar Mills ba. Wani Baturen Ingila, Richard Curnow, ya fara rubuta ta a 1997 saboda kwamfutarsa ta gida, wadda ba ta samun intanet sai jefi-jefi ta wayar tarho. Ya koya mata ta riƙa lura da halin ɗan dutsen da ke cikinta, ko mai sauri ne ko mai nawa, da kuma nawa, don ta ci gaba da gyara kanta bayan layi ya yanke, ta kuma daidaita da wuri idan ya dawo. Daga baya Miroslav Lichvar na kamfanin Red Hat ya karɓi riƙonta. A 2017 aka ɗauki hayar kamfanin Cure53 na Jamus ya binciki manhajojin uku, kuma chrony ce ta fito da mafi ƙarancin aibi. Red Hat ya mayar da ita zaɓinsa na farko tun 2014; Debian kuwa ta maye gurbin tsohuwar da NTPsec a 2023. Abin lura ne cewa matsalar da Curnow ya yi wa magani a Ingila ta 1997 ita ce halin da ofisoshinmu ke ciki a yau.

Hatimin da aka daɗe ana jira ya zo a watan Satumba na 2020, shekara 35 cif bayan takardar Mills ta farko, da sunan NTS. Kafin a fara tambayar lokaci, kwamfuta da uwar garke sukan gaisa ta rufaffiyar hanya irin wadda shafin banki ke amfani da ita, su amince da mabuɗan sirri. Daga nan kowace amsa tana zuwa da tambarin da ba mai iya ƙirƙira sai mai mabuɗin. An kuma tsara shi yadda amsa ba za ta fi tambaya girma ba, don kada a maimaita abin da ya faru a 2014. NTPsec da chrony duka sun karɓe shi. Cloudflare da cibiyar Netnod ta Suwidin suna cikin waɗanda suka fara buɗe uwayen garke masu hatimi kyauta. A 'yan shekarun nan an rubuta wata sabuwa, ntpd-rs, da harshen kwamfuta na Rust, wanda ke hana irin kurakuran da suka buɗe ƙofa a 2014.

Hatimi bai gama komai ba. Koma kan yaron nan na Karkarna: lissafin ya ɗauka cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. Wanda ya tsayar da shi a hanyar dawowa na minti goma, ko bai taɓa takardar ba, ya karkatar da lissafin da minti biyar. Sannan ita gaisuwar farkon tana bukatar duba takardar shaida, duba takarda kuma yana bukatar sanin kwanan wata, wato abin da aka fito nema. Kwamfutar shagon Kazaure mai mataccen batiri za ta iya maƙalewa a nan. Shi ya sa tsohuwar dabarar Mills, ta yawaita shaidu daga hanyoyi daban-daban, ba ta tsufa ba. Shi kansa ya rasu ranar 17 ga Janairu, 2024, yana da shekara 85.

Mu da ke ƙarshen salsala

Duk wannan zai iya zama labarin Turawa da injiniyoyinsu, in ba don rayuwarmu ta riga ta hau kan layin ba. Tun da aka buɗe tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankunan Najeriya a 2011, musamman kuma bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai sayar da gero a Yankwashi da dillalin awaki a Babura sun koma karɓar kuɗi ta waya. Jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta ake yin ta, agogo na ƙirga wa ɗalibi mintocinsa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma zai ratsa ta Kazaure, da agogon na'urori zai raba hanya tsakanin jirage, kamar yadda na 1911 ya yi da agogon tangaraho.

Amma yawancin shaidun da muke tambaya suna nesa. Fiye da rabin uwayen garken gayyar NTP a Turai suke. Kason Afirka ƙalilan ne, kuma mai tsoka daga ciki yana Afirka ta Kudu. Tambayar da ta tashi daga Roni takan gangara Legas, ta shiga wayar ƙarƙashin teku, ta dawo. Kowane zango dama ce ta jinkiri, kuma da wuya zuwa da dawowa su yi tsawo ɗaya. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sun ji a jikinsu. A irin wannan rana, duk kwamfutar da ba ta da majiyar lokaci a cikin gida sai ta koma kan ɗan dutsenta.

Zama ganau kuwa ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, da na'urar karɓar saƙon GPS, da eriya a kan rufi, da batirin sola, da chrony ko NTPsec waɗanda ba a biyan ko kwabo a kansu: an samu uwar garke ta mataki na ɗaya. Kazaure gari ne mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, kuma mai cibiyar koyar da fasahar sadarwa da ake kira Informatics, wadda jihar Jigawa ta kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki. Aikin bai fi ƙarfin ɗaliban aji na ƙarshe da malami guda mai naci ba. Idan irin waɗannan makarantu a Kazaure da Dutse da Kano da Katsina suka tsayar da nasu, suka saka su cikin gayyar, to mai tambaya daga Gwiwa zai samu shaidu uku ko huɗu a kusa da gida, waɗanda tsinkewar waya a teku ba za ta rufe musu baki ba.

Ga mai kula da kwamfutocin asibiti ko banki ko sakatariyar ƙaramar hukuma, darasin tarihin nan gajere ne. Kada ka dogara da majiya guda. Ka sa uku ko huɗu. Inda manhajarka ta iya NTS, kunna shi. Ka san wace manhaja ce ke riƙe maka agogo da kuma yaushe aka sabunta ta. Kuma ka ajiye 'yan batiran nan masu kama da kwabo a aljihun tebur.

Ɗan yayata ya samu ya yi rajistarsa kafin la'asar. Da muka fito ya ciro waya ya duba, ya ce mini ƙarfe uku da minti goma sha biyu, mu yi sauri kada motar Karkarna ta cika. Ban tambaye shi in ji wa ba.